Gizo, Jaki da Motar da Ke Tuƙa Kanta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Can a ƙasar Amurka, a birnin San Faransisko mai hawa da gangara a bakin teku, Gizo ya wayi gari ba gona, ba garke, ba ko keken hawa. Dukiyarsa biyu ce, zare da baki. A shekarar 2009 ya zauna ya saƙa wata yana mai shiga wayar kowa, ya raɗa mata suna Uber. Mai son zuwa unguwa ya ja zare ta nan, mai mota ya ja ta can, Gizo na tsakiya yana ƙulla su yana cire la'adarsa.

Da ciniki ya buɗe, motoci suka yi masa kaɗan. Sai ya nufi gidan Jaki, ya tsaya a ƙofa da tsamin bakin nan nasa.

"Shalamu alaikum, Jaki ɗan'uwana. Har yaushe za ka yi ta dakon kayan wani? Zo ka zama maigidan kanka. Ka fito sa'ad da ka so, ka koma sa'ad da ka ga dama."

Jaki ya ce, "To motar fa?"

"Taka."

"Man fa?"

"Naka."

"In taya ta fashe, ko inji ya buga?"

"Ai injinka ne. Wa zai shiga tsakaninka da abinka?"

Jaki ya ji ana ta ce masa naka, taka, ya ga tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa mallakar abubuwa masu yawa haka ba. Ya ce ya yarda.

Ya ci bashin mota, ya yanki inshora, ya fara fita tun da asuba. Daren Asabar mashaya su yi masa amai a kujera, da safe ya ɗauko bokiti ya wanke. Ya yi awa guda a layin filin jirgin sama yana gyangyaɗi, ba mai biyansa ko sisi. Masu ƙidaya a jihar Kalifoniya sun lissafa, suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 na tafiyar irin waɗannan motoci ana yin ta ne ba kowa a baya. In Jaki ya sauke fasinja ya juyo, sai ya riƙa rera waƙarsa:

Tafi da kaya, dawo wayam,
Na tafiyar Gizo ya ƙirga,
Na dawowar ni na sha.

Kuraye masu zuba jari suka ji ƙanshin yanar, suka yi ta antaya wa Gizo kuɗi. Shi kuma ya riƙa karya farashi don Zomo da 'yan'uwansa fasinjoji su manta da tsofaffin tasi. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma a shekarun nan ta kusa kai shi. Sai dai kuɗin kura ba kyauta ba ne. Kullum suna bakin ƙofa suna tambaya, "Gizo, ina ribar?"

A 2014 Gizo ya miƙe a gaban taro ya ba su amsa. Ya ce abin da ke sa tafiya tsada shi ne wancan da ke zaune a gaban motar. Ranar da aka fitar da shi, hawa mota zai fi mallakar mota araha. Yawun kuraye ya tsinke.

Da dare matarsa Ƙoƙi, wadda littafin lissafi ke hannunta, ta ce, "Maigida, wannan da kake shirin kora, me kake jin yana kawo mana?"

"Kofato a kan sitiyari mana. Kuma da shi yake kwashe kaso mafi tsoka na kuɗin Zomo."

"To motar da Zomo ke shiga, wa ya saye ta?"

Gizo ya yi hamma, ya ce barci yake ji.

A 2015 ya tafi birnin Pitsbag, ya kwaso masana kusan 40 daga jami'ar Carnegie Mellon, ya ce su koya wa mota tuƙa kanta. Kuɗi suka yi ta zurarewa. Ana cikin haka, wani dare a watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motarsa ta gwaji ta buge wata baiwar Allah da ke tsallaka titi tana tura kekenta, ta rasu. Wadda aka zaunar a gaba don ta taka birki in ta ɓaci, hankalinta yana kan waya. Gari ya yi tsit. Shekara ta zagayo, littafin Ƙoƙi ya nuna faɗuwar dala biliyan 8.5 a 2019 kaɗai. A watan Disamba na 2020 Gizo ya tattara masanan da na'urorinsu ya miƙa wa wani kamfani mai suna Aurora, ya karɓi hannun jari, har ya ƙara musu dala miliyan 400, kamar mai aurar da 'ya yana haɗawa da gara don kada a dawo masa da ita.

A wannan shekarar dai jakai suka so a ɗauke su ma'aikata, da albashi da hutu. Gizo da ire-irensa suka kashe sama da dala miliyan 200 wajen yaƙin neman ƙuri'a, mutanen Kalifoniya suka yanke cewa Jaki ɗan kwangila ne, maigidan kansa. Ƙoƙi ta dubi mijinta ta ce, "Wanda ka ce ba shi da amfani, ga shi ka kashe dukiya don ya zauna yadda yake." Gizo ya yi kamar bai ji ba.

Duk wannan abu Giwa na gefe tana nata aikin. Ita rumbunta Google ne, wanda kuɗin talla ke cika shi dare da rana, ba ta jiran sadakar kowa. Tun 2009 take koya wa mota hanya, a 2016 ta sa wa aikin suna Waymo, a watan Oktoba na 2020 ta buɗe wa jama'ar birnin Finiks motar da ba kowa a gabanta. Bauna kuma, tsohon maƙerin motoci na Ditroit mai kamfanin General Motors, ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Cruise a 2016, ya shiga tseren. A watan Agusta na 2023 Zaki mai mulkin Kalifoniya ya ba su duka biyun izinin ɗaukar fasinja su karɓi kuɗi, dare da rana, a San Faransisko.

Zomo ne ya fara gwadawa. Ya taɓa wayarsa, sai ga farar Jaguar mai aiki da batir ta tsaya a gabansa, wani abu na juyawa a kan rufinta, kyamarori 29 sun kewaye ta, ga na'urorin auna nisa a kusurwoyinta. Ya shiga, ya ɗaura bel, sitiyari ya fara juya kansa. Zomo ya riƙe kunnuwansa har suka wuce danja ta uku, daga nan ya miƙe ƙafa. Ba mai yi masa surutun siyasa, ba mai jiran tukuici. Barewa, wadda ke tashi daga aiki tsakar dare, ta ce ita kam ko an ƙara mata kuɗi ta gwammace motar da babu baƙon namiji a cikinta. Aka kuwa ƙara. Masu bin diddigin farashi sun tarar a 2025 tafiyar da Jaki ke yi a kan kusan dala 16, motar Giwa kusan dala 20 take karɓa. Zomo ya ce, "Ikon Allah! An cire mai cin kuɗin, kuɗin kuma ya ƙaru?"

Tambayar da ta hana Jaki barci ke nan. Wani dare ya kashe wayarsa, ya bi wata farar mota a baya don ya ga inda take kwana. Ta ratsa unguwanni, ta shiga wani makeken fili mai shinge, a birnin da hayar ƙasa ke neman fin zinari tsada. Jaki ya leƙa ta kafar shinge.

Tururuwa ya gani, rundunarsu guda. Wasu na jona motoci a caji. Wasu na goge idanun kyamara da ƙyalle, domin kashin tsuntsu ɗaya ya isa ya dishe wa mota gani. Wata ta zaro wayar da fasinja ya manta a ƙarƙashin kujera, wata na fama da aman mashayi, hanci a toshe. Bakanikai na kwance tayoyi. A wani ɗaki kuma can nesa, inda Jaki ya ji labari a bakin maigadi, mujiyoyi ne zaune gaban allunan kwamfuta ba sa ƙiftawa. In mota ta iske an tare hanya, ko ɗan sanda na nuni da hannu ta rasa gane nufinsa, sai ta tambaye su, su nuna mata mafita. A gidan Bauna ma an ruwaito cewa kowace mota biyu na da ma'aikata uku a bayan fage.

Jaki ya faɗi ƙasa yana birgima don dariya. Ya ce, "Ashe duk wannan gayya aikina ake yi! Ni kaɗai nake yin sa a ƙofar gidana, da bokiti ɗaya da tsohon tsumma, kuma ban taɓa aika wa kowa takardar biya ba."

Birai ma ba su bar motocin sun huta ba. A 2023 suka gano cewa in ka ɗauki mazurarin roba na masu gyaran titi ka ɗora a kan bonet, sai mota ta sandare a wurin har wani ya zo ya cire. In fasinja ya sauka ya bar ƙofa ba ta rufu sosai ba, motar ba ta motsawa sai an biya wani ya je ya tura ƙofar. A watan Agusta na 2024 kuwa, motocin Giwa da ke neman wurin kwana a wani fili suka riƙa danna wa junansu oda da ƙarfe 4 na asuba, maƙwabta suka kasa runtsawa sai da masana suka gyara musu hali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma kowanne kuɗi ne.

Babban abin a kan Bauna ya faɗa. Ranar 2 ga Oktoba, 2023, wata mota mai direba ta buge wata baiwar Allah, ta cilla ta gaban motar Cruise. Motar ta tsaya a kanta, sannan a ƙoƙarin kaucewa gefen titi ta ja ta a ƙasa kusan mita 6. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta ji munanan raunuka. Zaki ya kira Bauna fada.

"Ka nuna mini hoton abin da ya faru, amma ƙarshensa fa? Ina wurin da aka ja ta?"

Bauna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ɓoyewa muka yi ba."

Zaki ya ce, "Ni dai ban gani ba sai daga baya. Ajiye lasisin."

Ranar 24 ga watan aka dakatar da shi. Da Jaki ne ya yi haɗari, jaki ɗaya za a tsare, saura su ci gaba da nema. Motocin Bauna kuwa ƙwaƙwalwarsu ɗaya, laifin ɗaya laifin duka ne, don haka rana ɗaya suka bar titi gaba ɗayansu, albashin ma'aikata kuma bai tsaya ba. A watan Disamba na 2024, bayan ya narkar da sama da dala biliyan 10, Bauna ya ce ya haƙura. Wata biyu kafin nan Giwa ta tara sabon jari na dala biliyan 5.6, mafi yawansa daga rumbunta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Shi kuwa Ɗawisu mai kamfanin Tesla, tun 2019 ya baza wutsiya ya ce baɗi warhaka motocinsa miliyan ɗaya za su riƙa yin tasi da kansu. Sai a watan Yuni na 2025 ya fito da 'yan ƙalilan a birnin Ostin, kowace da mai tsaro zaune a kujerar gefen direba.

Fili ya zama na Giwa, amma ita ma tana da abin da ke cin ta. A watan Mayu na 2025 tana da motoci kusan 1,500, tana ɗaukar fasinja sau 250,000 a mako. Ƙoƙi ta buga lissafi ta ce wa mijinta, "Kowace mota tafiya 24 ke nan a rana, ba laifi. Amma ana ƙiyasta mota ɗaya da kayan jikinta ta haura dala dubu 100, kuma ko tana tafiya ko tana tsaye tsufa take yi. Ranar Juma'a da yamma, in aka tashi daga aiki ko aka yi ruwa, duk gari mota yake nema. Ranar Talata da ƙarfe 3 na dare kuwa ko kare ba ya fita. In Giwa ta sayi motocin da za su ishi Juma'a, rabinsu barci za su yi ranar Talata. In ta sayi na Talata kaɗai, Zomo zai gaji da jira ranar Juma'a ya dawo wurinmu. Mu ba mu san wannan ciwon ba, domin in gari ya cika ƙara farashi kawai muke yi jakai su fito, in gari ya watse su koma gida da motocinsu da bashinsu."

Wannan karon Gizo bai yi hamma ba. Dama tun 2023 ya fara ganin riba a littafi, kuma da jakan nan ya same ta. Ya sa babbar riga ya tafi gidan Giwa, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, ke kina da mota, ni ina da fasinja. Sa motocinki a yanata, zan riƙa ba su aiki daga safe har dare. In gari ya cika suka kasa, jakaina su cike gurbi."

Giwa ta kaɗa kunne ta ce, "Na ji. A Ostin da Atlanta za mu gwada."

"To wankin motocin fa?"

"Naka."

"Cajin fa, da gareji?"

"Naka."

Gizo ya haɗiye yawu, ya tuna inda ya taɓa jin irin wannan magana, ya ce ya yarda. Aka fara a Ostin a watan Maris na 2025, Atlanta ta biyo a watan Yuni, kuma a can kuɗin motar Giwa daidai yake da na Jaki. Amma kifi na ganinka mai jar koma. A San Faransisko da Los Anjalas Giwa ta ci gaba da karɓar fasinja ta tata manhajar, don kada wata rana Gizo ya tsaya tsakaninta da Zomo ya yanka mata la'adar da ya ga dama. Gizo kuma ya san in Giwa ta zama ita kaɗai a dawa, ranar da ta koshi za ta taka yanarsa ta wuce. Sai ya shiga yawon ƙulla abota da duk mai koya wa mota tuƙi, daga Amurka har Sin. A watan Yuli na 2025 ya yi yarjejeniya da kamfanonin Lucid da Nuro a kan motoci 20,000 cikin shekara 6. Wanda ya fara ba ko keken hawa, yau shi ne ke cinikin motoci.

Jaki ya ga abin ya ɗaure masa kai, ya tafi wurin Dila malamin daji.

"Allah ya gafarta malam, in ci gaba da biyan bashin motar nan, ko in nemi wata sana'a?"

Dila ya ce, "Abin da ke kāre ka yau abu biyu ne. Na farko, motar Giwa tana da tsada. Amma jiya Shamuwa ta sauka daga birnin Wuhan na ƙasar Sin, ta ce can kamfanin Baidu ya ƙera tasa a ƙasa da dala dubu 30, direbobin tasi na garin suna ta kuka. Harajin kashi 100 cikin 100 da Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na Sin zai jinkirta isowarsu, amma duk abin da aka iya ƙerawa da araha a wani gari, wata rana za a iya a wani. Kuma kada ka ruɗi kanka cewa ka fi ta iya tuƙi. Ba ta shan giya, ba ta gyangyaɗi, ba ta duba waya. Giwa da kamfanin inshora na Swiss Re sun duba tafiyar mil miliyan 25, suka ce neman diyyar rauni ya ragu da kashi 92 cikin 100 in an gwada da na masu tuƙi da hannu. Ko ka rage wani abu saboda Giwa na cikin masu binciken, saura mai yawa ne, kuma kuɗin inshora hatsari yake bi."

Kunnuwan Jaki suka kwanta. Ya ce, "Na biyun fa?"

"Na biyun shi ne jira. Giwa na biyan kuɗin kowace awa da motarta ta yi a tsaye, kai kuwa kyauta kake bayar da taka. Shi ya sa ba za su kore ka gobe ba. Za su ba motocinsu aikin yau da kullum, mai tsari, mai tabbas, kai su bar maka yammacin Juma'a, da ranar ƙanƙara, da unguwar da taswirarsu ba ta kai ba. Mai bin ka bashi kuwa kwana 30 yake ƙirgawa a wata, ba Juma'a 4 ba."

Jaki ya daɗe bai ce komai ba. Ya koma gida, ya sayi littafi irin na Ƙoƙi, ya fara rubuta abin da bai taɓa rubutawa ba: man dawowa, awannin layi, sabulu, taya, da abin da motar ke ragewa a daraja duk wata. Ya kai wa 'yan'uwansa a layin filin jirgi, kowa ya duba ya ga nasa hoton a ciki.

A watan Oktoba na 2025 Zaki ya sa hannu a dokar da ta ba jakan Kalifoniya damar kafa ƙungiya su yi ciniki da Gizo da murya ɗaya, ko da yake har yanzu 'yan kwangila ne. Wasu suka ce an makara, fararen motoci sun riga sun cika gari. Jaki ya ce, "Da can ba wanda ya san farashin zaman jiran fasinja. Yanzu Giwa ta biya shi da biliyoyin daloli, kowa ya gani. Ranar da za mu zauna da Gizo, kafin a taɓa maganar kuɗin tafiya, sai an fara sa wa jira kuɗi."

Labari ya kai kunnen Gizo. Ya kira Ƙoƙi ya ce ta kawo littafi da fitila, ta zauna kusa, ta fara karanto masa tun daga shafin farko.

Ƙurunƙus kan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.